Cinikin Biri a Sama: Haske da Labule a Hoton Haja

Tun muna ƙanana muke jin manya suna cewa ba a cinikin biri a sama. Bahaushe dai bai yarda ya zaro kuɗinsa ya bayar a kan abin da bai gani ba, bai taɓa ba, bai kuma ɗanɗana ba. Mai sayen goro sai ya ɓare ɗaya ya duba cikinsa. Mai sayen shadda a Kantin Kwari sai ya fito da ita bakin shago ya ɗaga ta a rana, domin ya san fitilar cikin shago ba ta faɗin gaskiya. Mai sayen zuma kuwa sai ya tsoma tsinke ya lasa tukuna a shiga maganar farashi. To, ga shi zamani ya kawo mu inda mace tana zaune a ɗakinta a Kaduna za ta sayi man kaɗe daga hannun wata mace da ke Birnin Gwari, ba ta taɓa ganinta ba, ba ta kuwa ga man ba sai a fuskar waya. Watau birin yana saman, an kuma yi cinikin. Abin da ya tsaya a madadin ido da hannu da harshen mai saye shi ne hoto guda ɗaya. In hoton ya yi kyau a taya, in ya yi muni a wuce, ko sallama ba a yi.

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da ɗaukar hoto, ga nahawu ga adabi suna jiransa? Amsa ita ce larura. Ni mutumin Gwaska ne, ta ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Ƙasarmu ƙasar daji ce. A cikinta gandun Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Daji ne na doka da maje da taura da kaɗanya da ɗorawa, kuma daga irin waɗannan itatuwa da ke kewaye da ƙauyukanmu ne iyayenmu suke samun abin sana'a. Maza su rataya amya su ɗebi zuma, mata su tsinci kaɗanya su yi mai, su dafa kalwa su yi daddawa.

Ranar Asabar, 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka shiga Gwaska, suka kashe mutane fiye da 40, suka ƙone gidaje. Mijin gwaggona, ƙanwar mahaifina, yana cikin waɗanda aka binne, Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya. Muka tattara muka koma cikin Birnin Gwari, Gwaggo ta kama ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, ba gona, ba rumbu, sai sana'ar hannunta. Da can 'yan sari ne suke zuwa har gida su kwashi man kaɗe da daddawa. Amma hanyar Kaduna, wadda ba ta wuce kilomita 120 da 'yan kai ba, ta bi ta Udawa da Buruku ta faɗa Mando, ta zama hanyar da ba a shiga sai da addu'a. 'Yan sari suka ɗauke ƙafa. Abin da ya rage shi ne a nemi mai saye ta waya, in an daidaita a ba direba saƙo a tasha. Daga wannan ciniki ake cin abinci a ɗakin Gwaggo, daga cikinsa kuma wani kaso na kuɗin makarantata yake fitowa, don haka mai karatu ya san ba maganar nishaɗi nake yi ba.

Babban ɗanta ne ya ɗauki hotunan farko, wajen 2020. Da dare ya ɗauka, a kan gado, bisa wata atamfa mai manyan furanni, fitilar nan ta waya da ake kira filash tana walƙawa. Aka tura wa wani zauren mata na WhatsApp a Kaduna. Wata ta tambaya ko baƙin mai ne a kwalbar, alhali zuma ce. Wata ta ce wannan farin abin kitse ne ko alli? Aka yi mako guda ba a sayar da ko gwangwani ɗaya ba. Ran nan Gwaggo ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai ɗan boko, in bokon nan naka yana da rana, to yau ce ranarsa."

Akwai wani dattijo a garin da ya yi sana'ar hoto tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, yanzu sai ɗan hoton fasfo yake ɗauka. Wurinsa na nufa, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hotunan. Ya daɗe yana dariya. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, kyamara ba ta ganin kaya, haske take gani. Ka gyara hasken, kaya za su gyara kansu." Daga baya da na shiga jami'a na tarar a littafi cewa kalmar da muka aro muka mayar "hoto" asalinta daga Girkanci take, kuma ma'anar cikakkiyar kalmar ita ce rubutu da haske. Na kuma karanta labarin Alhasan ibn al-Haisam, mutumin Basra, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga jikin abu ya shiga ido, ba ido ne yake aika haske ba. Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana a ɗaki mai duhu, ya ga surar masu wucewa tana tafiya a bango kai ƙasa ƙafa sama ta wata 'yar huda a jikin taga, to ya ga irin abin da malamin nan ya yi bayani. Baba mai hoto bai taɓa jin sunansa ba, amma karatunsu ɗaya.

Abu na farko da ya koya mini shi ne haske iri biyu ne, akwai mai kaifi akwai mai taushi. Ana gane su ta bakin inuwa. In inuwar abu ta fito baƙa ƙirin, bakinta kamar an yanka da wuƙa, hasken mai kaifi ne. In kuwa ta narke a hankali har ba ka san inda ta ƙare ba, mai taushi ne. Abin da ke kawo bambancin shi ne girman mafitar hasken a idon abin da ake ɗauka. Rana ta fi duniya girma nesa ba kusa ba, amma saboda nisanta ba ta fi kwabo ba a sama, shi ya sa haskenta yake da kaifi. In hadari ya rufe ta, sararin sama duka ya zama fitila ɗaya, sai haske ya yi taushi. Filash ɗin waya kuwa bai fi ƙwayar wake ba, ga shi kuma manne da idon kyamara, saboda haka sai ya daki kaya a fuska, ya kashe duk wata inuwa da za ta nuna tudu da kwari, ya bar wani farin tabo a jikin kwalba. Ni dai a ganina ba abin da ya kai shi ɓata hoton haja, kuma kashe shi shi ne gyaran da ba ya cin ko sisi.

To ina za a sami haske mai taushi ba tare da jiran hadari ba? A bakin ƙofa. Zaure ko ɗakin da rana ba ta faɗowa cikinsa kai tsaye, ƙofarsa babbar fitila ce mai tsawon mutum. Sai a ajiye kaya daga ciki, kamu ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, mai ɗauka ya tsaya yadda hasken zai zo daga gefe, dama ko hagu, ba daga bayansa ba. A nan akwai wani lissafi da ya kamata a sani: in ka ninka nisan abu daga fitila sau biyu, hasken da ke isa gare shi ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Ƙofa ma kusan haka take yi. Shi ya sa taku ɗaya zuwa cikin ɗaki yakan mayar da hoto mai kyau ya zama dishi-dishi, mutum ya yi ta zargin waya alhali waya ba ta da laifi.

Gefen da ba ya kallon ƙofa zai yi duhu. Maganinsa farin kwali. A jingine shi daura da ƙofa, ta ɗaya gefen kayan, sai ya tare hasken da ya wuce ya mayar da shi. A matso da shi inuwa ta ragu, a ja da shi baya ta ƙaru, kana gani a fuskar waya kamar wasa. In babu kwali, farin buhu mai tsabta ko farin faranti yana yi. Kada dai a kashe inuwar duka, domin ita ce take nuna cewa abu yana da jiki. In kuwa rana ta matsa sai ta shigo, a rataya farin mayafi ko tsohon gidan sauro mai ninki biyu a bakin ƙofa, ya tace ta.

Maganar lokaci ita ce ta fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗalibin harshe, domin Bahaushe da haske ya yanka yininsa tun kafin agogo: asuba, fitowar rana, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, magariba. Kowanne kuwa da launinsa. Masana suna auna launin haske da ma'aunin Kelvin. Harshen kyandir wajen 1,900 yake, tsohon ƙwan lantarki mai ja wajen 2,700, rana tsaka wajen 5,500, inuwa a ƙarƙashin sararin sama garau kuwa takan haura 7,000. Ƙaramin adadi ja-ja ne, babba shuɗi-shuɗi. Idon mutum yana gyara wannan da kansa, farar riga fara ce a gare shi ko da rana ko a gaban aci-bal-bal. Waya kuwa kintata take yi, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kauce. La'asar sakaliya tana yi wa fuskar amarya kyau ƙwarai, amma haja ƙarya take yi mata, sai ta shafa wa kome ruwan zinariya. Ni daga hantsi zuwa walaha nake aiki, a inuwa. Kuma ba a haɗa haske biyu. In ana aiki da ƙofa a kashe ƙwan ɗaki da fitilar sola, in ba haka ba rabin kwalba ya fito ja, rabi shuɗi, ba kuwa wata dabara da za ta daidaita su.

Haske kuma ɗan aike ne mai ɗauko launin duk abin da ya taɓa a hanya. Inuwar mangwaro tana da daɗin zama, amma kore take zuba wa kaya. Jan bangon laka yana zuba ja. Shuɗin tamfol na rumfar kasuwa ya fi su duka ɓarna, na ga masarar da aka ɗauka a ƙarƙashinsa ta fito kamar ta yi fumfuna. Gwaji mai sauƙi shi ne a ajiye farar takarda a wurin a ɗauke ta. In ta fito fara, wuri ya yi. Lokacin hunturu hazo yakan tace rana ya ba da haske mai taushi kyauta, sai dai kuɗinsa ƙura ce, a goge kwalba, a goge idon kyamara da gefen riga mai laushi kafin kowane hoto.

Kayan Gwaggo uku ne, kuma kowanne da halinsa. Zuma ita ta fi ba da wuya, ita ta fi ba da lada, ba a shan ta dai sai an sha harbi. In haske ya zo mata ta gaba, kwalba ce kawai take ƙyalli, abin da ke ciki ya zama baƙi, dalilin da ya sa matar nan ta ce baƙin mai ke nan. Zuma tana son haske ya ratsa ta. Saboda haka ita kaɗai ce nake juya wa tsari: in sa kwalbar tsakanina da hasken, ko in kafa farin kwali a bayanta inda hasken ƙofa yake faɗa masa sosai, sai hasken ya dawo ta cikin zumar. Nan take za ka ga launin nan da Bahaushe ya rasa sunan da zai ba shi sai ya ce ruwan zuma. Farin tabon da ke fitowa a jikin kwalba kuwa surar ƙofar ce, domin abu mai santsi madubi ne, haske yana tashi daga kansa da irin karkatar da ya sauka. Ba a goge shi da tsumma. Sai dai a ɗan juya kwalbar, ko mai ɗauka ya gusa taku ɗaya, har tabon ya koma gefe ya zama siririn layi, a nan ma ado ne.

Amma fa akwai tarko a nan. Zumar dajinmu ba launinta ɗaya ba, ya danganta da furen da ƙudan ya sha, wata fara-fara, wata ja, wata har ta yi duhu. Hasken baya yana sa mai duhu ta yi kamar mai haske, musamman a siririyar kwalba. Mai saye ta ga ruwan zinariya a waya, direba ya kawo mata abu mai duhu, me za ta ce? Za ta ce an dafa sukari an haɗa, domin algus a zuma ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu, kowa a tsorace yake. Don haka hoto biyu muke turawa, ɗaya haske ya ratsa kwalba, ɗaya kuma zumar tana zuba daga cokali a kan farin faranti, a ga kaurinta da ainihin launinta. Ɗan Gwaggo ya taɓa kawo shawarar a bi da hotunan ta wata manhaja mai ƙara haske da launi. Gwaggo ta ce, "A'a, ɗan nan. Wadda ta saya ta ga ba haka ba, ba za ta dawo ba, kuma ba ita kaɗai za ta tafi ba, da ƙawayenta za ta tafi." An ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, ba a ce ka sake fata ba.

Man kaɗe matsalarsa daban. Kyamara an gina ta ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in an gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi ruwan toka, irin tokar da ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Saboda haka in ka cika mata ido da fari, farin mai a kan farin kwali, sai ta rage haske, man ya fito kamar an kwaɓa shi da toka. In ka sa shi a wuri mai duhu ƙwarai, sai ta ƙara haske, man ya ƙone fari fat ba a ganin kome a jikinsa. Gyaran yana ƙarƙashin yatsa: a taɓa man a fuskar waya, wata 'yar alamar rana za ta fito, a ja ta sama ko ƙasa har abin da ke waya ya yi daidai da abin da ke gabanka. Mu a baƙin akushi muke zuba shi, wanda Gwaggo ta tsira da shi daga Gwaska, a yanki gefe ɗaya da cokali domin hasken gefe ya nuna laushinsa. Man kaɗe na gaskiya ba fari sol ba ne, yana da ɗan ruwan madara, kuma wannan launin ne masu sani suke nema. Ba a kai shi rana ko don hoto, yanzun nan zai fara narkewa.

Daddawa kishiyar wannan ce. Baƙa ce, in an ɗora ta a kan fari sai ta zama dunƙulen duhu. A sa ta a sabuwar ƙwarya, a matso da kwali kusa ƙwarai, a ɗan ƙara haske da yatsa, a ɓare guda ɗaya a ga cikinta. Faifai da tabarma da duk abin da aka saƙa kuwa, a kwantar da su yadda haske zai shafo su daga gefe ƙasa-ƙasa, kowane zare ya yi 'yar inuwarsa.

Sai abin da ke bayan kaya da ƙarƙashinsu. 'Yan zamani da sunan Turanci suke kiransa, ni kuwa na fi son kalmomin Baba mai hoto, wanda yake ce wa na baya labule, na ƙasa shimfiɗa. Masu hoton da suna da labule mai zanen bene ko jirgin sama, mutum ya tsaya a gaba kamar nasa. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi suna a duniya da zaunar da mutane a gaban zane mai ado. Wannan ya yi wa mutum, domin fuskar ɗan Adam ba abin da ke ƙwace mata ido. Haja ba ta da wannan ƙarfi. Atamfa mai furanni kishiya ce ga kwalbar zuma, kuma ita za a kalla. Abin da ya fi shi ne kwali ɗaya babba, ko farin yadi da aka goge, a manna kansa a bango, a bar shi ya gangaro ya kwanta a ƙasa ba tare da an karya shi ba. Labule da shimfiɗa sun zama abu ɗaya ke nan, ba layin da zai raba hoto biyu. A ja kayan gaba kamar kamu ɗaya daga bango don kada inuwarsu ta hau labule. In ana son ɗan ado, abu ɗaya ya isa, kuma ya zama danginsa ne, ɗan saƙar zuma kusa da zuma, 'ya'yan kaɗanya biyu kusa da mai.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa bukatar dogon bayani. Kada a kusanta waya da yawa, idonta mai faɗi ne, yakan kumbura abin da ke kusa, kwalba ta yi tumbi. A ja baya, a yanke gefen hoton daga baya. Abu mai tsayi a ɗauke shi daga daidai tsayinsa, abu mai faɗi daga sama. A jingine waya a kan kifaffen turmi, a sa ta ƙirga daƙiƙa uku da kanta don kada hannu ya girgiza. A ajiye kwalin ashana ko gwangwanin madara a gefe, domin mai saye ta san girman abin da take taya, kada a yi rigima a kan "ai na ɗauka ya fi haka".

Yanzu zan zo kan abin da babu shi a littattafan hoto na Turawa, wanda kuwa a wurinmu shi ne kan gaba. A ƙasar Birnin Gwari labule ba ado ba ne kawai, sutura ce. Hoto in ya bar wayarka ba ka da iko da inda zai kwana, daga wannan zaure a tura shi wancan, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wani maƙwabcinmu ya sami masara mai albarka wata shekara, ya tsaya a tsakar gidansa ya ɗauki buhunan a jere don neman mai saye. A bayan buhunan ga sabon babur, ga shanun huɗa biyu a turke, ga 'yarsa budurwa tana wucewa da tulu. Ba a yi kwana goma ba aka kira shi da wata baƙuwar lamba, mai kiran ya lissafa masa abin da ke cikin hoton ɗaya bayan ɗaya, ya yanka masa kuɗi. A daren ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Masu garkuwa da mutane da abin da suke zaton kana da shi suke yanka fansa, hotonka kuwa shaida ce da ka bayar da hannunka.

Saboda haka dokar ɗakin Gwaggo ita ce, kada kome ya fito a hoto sai haja da kwali. Ba fuska, ba ƙofar gida, ba bishiyar da za a gane, ba hasumiyar masallacin unguwa. Mai hatsi ya ɗauki mudu ɗaya a kan faifai, yawan buhu kuwa ya faɗa da baki ga wanda ya sani. A duba jikin kwalba da kwanon samira da kyau kafin a tura, domin madubi ne, sukan nuna ɗakin duka har da mai ɗaukar. Akwai kuma wani abu da ba a gani da ido: yawancin wayoyin zamani, in an bar musu izini, suna rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗinsa. In an tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, wannan bayani yana gogewa, sai dai manhajar tana matse hoton ya rage kyau. Wasu don gudun haka sai su tura shi a matsayin takarda, to a nan bayanin wurin yana tafiya tare da shi. Gara a shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri gaba ɗaya, a kuma yi amfani da zaɓin HD da WhatsApp ya ƙara a 2023 in ana son hoto ya isa garau.

Riƙe labule ɗaya ya yi mana wata rana da ba mu zata ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, har da namu. Sai muka zuba hotunan a ɗan katin waya, direba ya kai wa wata 'yar'uwarmu a Kaduna, ita ta ci gaba da nunawa, saƙon masu saye kuma yana dawowa a rubuce a takarda ta hannun direban. Matan da suka saba da mu suna ganin baƙin akushi da gwangwanin madara a gefe suka san kayan waye, ba su nemi jin muryar Gwaggo ba. Ciniki ya ragu ƙwarai a watannin nan biyu, amma tukunya ba ta sauka ba.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, kuma bayan haka wasu daga cikin 'yan sari suka sake leƙo mu. Gwaggo ta karɓe su hannu biyu, amma ba ta saki matan waya ba, don su ba sa neman ragin sari. Ni kuma karatu ya ɗauke ni, sai hutu. Aikin hoto ya koma hannun 'yarta ta uku, wadda take aji biyu a babbar sakandare, kayan aikinta kuwa duka suna jingine a bayan ƙofa: kwali biyu, mayafi ɗaya, akushi, da ƙwarya.

Hutun da ya wuce na zauna ina kallonta tana ɗaukar wata sabuwar zuma da aka kawo. Ta ce wa ƙanenta, "Kai, miƙo mini ɗan amshi." Na ce, "Mene ne kuma ɗan amshi?" Ta ce, "Yaya, kwalin mana. Ƙofa ta ba da waƙa, shi ya amsa." Na daɗe ina neman sunan da zan ba kwalin nan da Hausa, na gwada "mai da haske", na gwada "madubin kwali", duk ba su zauna mini a baki ba. Na rubuta nata a littafina, kuma ina miƙa shi ga malamaina masu aikin ƙirƙirar kalmomi, tare da labule da shimfiɗa na Baba mai hoto, su duba ko za su shiga.